Gerhard Ertl, Bajamushen da ya gano asirin takin zamani

 

Yau labarinmu zai kai mu nesa, ƙasar Jamus cikin Turai. Amma kafin mu tashi, in akwai buhun takin zamani a ɗakinka, wanda mu ke ce ma angire, je ka dube shi. Ina nufin farin nan mai kama da sukari, wanda a ke kira ure ko yuriya. Tun da yanzu ka iya karatu, za ka ga an rubuta lamba 46 a jikin buhun, da harafin N. Ma'anarsa, cikin kowane kilo 100 na takin akwai kilo 46 na wani abu da shuka ke ci. Turawan Faransa na ce ma abin nan azot, na Ingila na ce masa naitirojin, daga nan ne harafin N ya fito. Buhu mai kilo 50 ke nan yana ɗauke da kilo 23 na azot. Yi lissafin da kanka ka gani.

To, ina aka samo wannan azot? Ba a haƙo shi ba kamar kanwa ko gishirin Bilma. Daga iska aka kamo shi, iskar nan da ni da kai mu ke shaƙa. Mutumin da zan ba ka labarinsa, Gerhard Ertl, ba shi ya ƙago dabarar kamun ba. An fara ta shekara 23 kafin a haife shi. Sai dai mutane sun yi wajen shekara sittin suna cin amfanin dabarar ba tare da sun san yadda ta ke aiki ba. Shi ne ya zauna ya bi sawun abin har ya gano.

Abinci a bisa, yunwa a ƙasa

In ka kasa iska kashi 100, kashi 78 azot ne. Bisa kowace hekta ta gonarka akwai azot fiye da tan dubu 70 yana yawo. Duk da haka sai ka ga hatsi ya yi ɗorawa, ganye ya ƙi duhu, don rashin azot. Me ya kawo haka?

Komi na duniya, dutse ko ruwa ko iska, an gina shi da ƴan ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Masana na kiran su ƙwayoyin zarra. Ƙwayoyin azot na cikin iska ba su tafiya ɗai-ɗai. Biyu-biyu su ke tafiya kamar tagwaye, kuma an ɗaure kowane biyu da igiya uku. Ɗaurin nan yana cikin mafi ƙarfi da aka sani. Saiwar gero ba ta iya kwance shi. Walƙiya na tsinka kaɗan lokacin hadari. Akwai kuma wasu ƙananan halittu da ke zama cikin saiwar wake da gujiya da gawo, su ma sun iya. Ka ji ɗaya daga dalilan da suka sa gonar da aka noma wake bara ta kan yi kyau bana.

A Turai, shekaru 150 da suka wuce, jama'a ta yi yawa, takin dabbobi ya kasa. Sai suka riƙa aika jiragen ruwa har Amurka ta Kudu. Daga ƙasar Peru su kwaso kashin tsuntsayen teku wanda ya taru shekara da shekaru, daga hamadar ƙasar Cile kuma su haƙo wani gishiri mai azot. A shekarar 1898 wani masani na Ingila, William Crookes, ya tashi gaban taron ƴan uwansa a garin Bristol ya yi kashedi. Ya ce gishirin Cile zai ƙare, alkama za ta kasa, yunwa za ta shigo, sai fa in masu ilimin haɗa sinadarai sun sami hanyar kama azot daga iska.

Dillalin da ba ya karɓar la'ada

Ka san aikin dillali a kasuwar dabbobi. Mai saniya na tsaye, mai saye na tsaye, kowa ya ƙi sakin baki. Dillali ya ja wannan gefe, ya ja wancan gefe, ciniki ya faɗa. Saniya ta tafi, kuɗi sun tafi, shi kuwa yana nan inda ya ke, yana jiran wata saniyar.

Cikin sinadarai ma akwai dillalai. Wani abu ne da in ya zauna tsakanin abu biyu sai su haɗu da sauri, shi kuwa ba ya ƙarewa, ba ya shiga cikin abin da aka haɗa. Bambancinsa da namu na kasuwa, shi ba ya karɓar la'ada. Wani masani na ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ya sa ma wannan aiki suna a 1835. Turawa na ce ma dillalin katalis. Mu dai bari mu ci gaba da ce masa dillali.

A 1909, a garin Karlsruhe na Jamus, wani malami mai suna Fritz Haber ya nuna cewa a na iya haɗa azot na iska da wata iska maras nauyi mai suna haidirojin, su zama amoniya. Amoniya ka san ta ko ba ka san sunanta ba: ita ce warin nan mai hawa kai da ke tashi a turken dabbobi inda fitsari ya daɗe. Daga ita a ke yin ure da sauran takin azot. Don haɗin ya yiwu, sai da Haber ya tara abu uku: zafi mai tsanani, matsi mai tsanani, da dillali. Dillalinsa na farko wani ƙarfe ne mai suna osmiyom, wanda ya fi zinariya wuyar samu. Na'urarsa kuwa ƴar ƙarama ce, bisa tebur ta ke, amoniya na ɗiga daga bakinta ɗigo-ɗigo.

Kamfanin BASF ya sayi dabarar, ya danƙa ta ga wani injiniya, Carl Bosch, don ya mai da ita babbar masana'anta. Aiki ne ja. Zafin da a ke bukata ya kai digiri 400 zuwa 500, alhali ruwa na tafasa a 100. Matsin kuwa ya kai ninki 200 na iskar da mu ke ciki, alhali na tayar mota bai wuce biyu ko uku ba. Tukwanen ƙarfe na farko fashewa suka yi ta yi.

Sauran dillali mai araha. Wannan aiki ya faɗa kan wani mutum da ba a cika ambatonsa ba, Alwin Mittasch. Shi da yaransa suka dinga gwaji: a sa wannan gari a gani, a cire, a sa wancan. Kafin 1912 sun gwada abu iri wajen 2,500. Wanda ya fi kyau ya fito daga wani dutsen tama na ƙasar Suwidin. Da suka bincika sai suka ga baƙin ƙarfe ne, gauraye da ɗan abin da a ke yin alminiyom da shi, da ɗan fotasiyom, sinadarin nan da ke cikin toka. A 1913 aka buɗe masana'anta ta farko a Oppau, bakin kogin Rhin.

Akwai baƙin shafi cikin labarin nan, ba zan tsallake shi ba. Amoniyar da ke zama taki, ita ce kuma ke zama albarushi. Da yaƙin duniya na farko ya tashi a 1914, Ingila ta tare hanyar teku, gishirin Cile ya daina isowa Jamus. Masana'antar Bosch ce ta sa Jamus ta ci gaba da yaƙi. Haber da kansa ya shugabanci sakin iskar guba kan sojoji a Ypres ta ƙasar Beljik ran 22 ga Afrilu 1915. Duk da haka aka ba shi kyautar Nobel ta 1918, mutane da yawa suka yi tir. Bosch ya sami tasa a 1931. Da Hitler ya hau mulki a 1933, Haber, wanda asalinsa Bayahude ne, ya bar aikinsa ya bar ƙasar, ya mutu a Suwis a 1934. Mittasch bai sami Nobel ba.

Ka lura da yadda Mittasch ya samo dillalinsa. Kamar mai maganin gargajiya ne da ya gwada saiwa dubu har ya dace da mai warkarwa. Ya san ta na yi. In ka tambaye shi me ta ke yi cikin jiki, sai ya yi shiru. Haka masana'antu suka yaɗu cikin duniya, iska na shiga tukunya ta wannan baki, amoniya na fita ta wancan, abin da ke gudana a tsakani kuwa sai gardama.

Yaron da uwa ta hana gwaje-gwaje

An haifi Gerhard Ertl ran 10 ga Oktoba 1936 a Stuttgart, kudancin Jamus. Ƙuruciyarsa ta faɗa cikin yaƙin duniya na biyu, garinsu ya sha ruwan bama-bamai, yana ɗan shekara takwas aka gama yaƙin. Shi da bakinsa ya ba da labari cewa yana yaro ya kan haɗa sinadarai a gida, har uwarsa ta gaji da wari ta hana shi. Sai ya koma harhaɗa rediyo. Daga nan ne ya kama hanyar ilimin fizik, watau sanin haske da lantarki da motsin abubuwa.

Ya shiga jami'a a Stuttgart a 1955, ya yi shekara ɗaya a Paris, ɗaya a Munik, ya komo gida ya gama a 1961. Malaminsa, Heinz Gerischer, gwani ne wajen sanin abin da ke faruwa inda ƙarfe ya taɓa ruwa, kamar cikin batir. Ertl ya bi shi zuwa Munik, amma ya zaɓi nasa fage: inda ƙarfe ya taɓa iska. Malamin bai hana shi ba. A 1965 ya sami digirin dakta. A 1968 aka naɗa shi farfesa a Hanoba, bai wuce shekara 32 ba. A 1973 ya komo Munik, ya yi shekara 13 can.

Me ya sa ya damu da inda ƙarfe ya taɓa iska? Don a nan dillanci ke faruwa. Iska ba ta shiga cikin ƙarfe, bisa fuskarsa ta ke sauka. Jeren ƙwayoyin zarra na sama-sama, su kaɗai ke aikin. Sauran ƙarfen duk mazauni ne.

Duban fuskar nan kuwa da wuya ƙwarai. Ka wanke ƙwarya ka ajiye a tsakar gida ranar da hazo ya sauka, kafin ka juya ƙura ta rufe ta. Fuskar ƙarfe ta fi haka. In ka goge ta cikin iskar ɗaki, kafin ƙyaftawar ido ƙwayoyin iska da na laima sun lulluɓe ta, abin da za ka auna datti ne. Sai a shekarun 1960, albarkacin masu ƙera kayan rediyo da na lantarki, aka sami tukwanen ƙarfe waɗanda a ke iya zuƙe iskar cikinsu kusan ƙaf. Cikin irin tukunyar nan fuskar ƙarfe na iya yin awoyi da tsabtarta. Sai mai bincike ya saki ƴar iskar da ya ke so, shi kaɗai ya san irinta da yawanta. Ya harba ƙananan ƙwayoyin lantarki kan fuskar, su dawo su zana ɗige-ɗige bisa gilashi, daga zanen ya gane yadda ƙwayoyin zarra suka jeru. Ko ya haska ta da wani irin haske, ya auna abin da ya fito, ya gane wace ƙwaya ce zaune.

Halin Ertl shi ne bai yarda da shaida guda ba. In ya auna abu ta hanya ɗaya, sai ya sake ta hanya ta biyu da ta uku, kamar alƙalin da ba ya yanke hukunci sai shaidu sun yi daidai. Ya fara da abu mai sauƙi, yadda haidirojin ke zama bisa ƙarafa irin su nikel da filatinom, ya yi shekaru a kai.

Guga ɗaya, tuluna da yawa

A 1974 aka yi wani taron masana a ƙasar Suwis. Wani dattijo Ba'amurke, Paul Emmett, wanda ya fara binciken dillalin amoniya tun shekarun 1920, ya tashi ya faɗi inda aka tsaya. Ya ce bayan shekara hamsin na aiki, an yarda cewa kama azot bisa ƙarfe shi ne wuri mai wuya. Amma ba a raba gardama ba kan abu ɗaya: shin tagwayen azot na rabuwa tukuna kafin haidirojin ya same su, ko kuwa yana samun su a ɗaure? Ertl ya ɗauki tambayar ya kai ma ɗalibansa a Munik.

Ga yadda suka yi. Maimakon garin ƙarfe na masana'anta, wanda ke da ramuka da gauraye, suka ɗauki ɗan guntun baƙin ƙarfe tsantsa, wanda ƙwayoyinsa suka jeru sahu-sahu ba karkata. Suka sa shi cikin tukunyar da aka zuƙe, suka saki azot. Sai suka ga lalle tagwayen na sauka, wasu na rabuwa, kowace ƙwaya ta kama ƙarfe ita kaɗai. Ƙarfen ne ke riƙe su, yana sassauta igiyoyin nan uku har su tsinke. Amma abin na da wuyar faruwa: cikin tagwaye miliyan ɗaya da suka faɗo bisa ƙarfen, kamar guda ne ke rabuwa. Sauran duk su tashi su koma iska yadda suka zo.

Ganin sun rabu bai isa hujja ba. Wani na iya cewa waɗanda suka rabu zaman banza su ke yi, amoniya daga wani wuri ta ke fitowa. Don haka Ertl ya shiga ƙidayar ƙwayoyin azot ɗai-ɗai da ke bisa ƙarfen, yana ƙara haidirojin kaɗan-kaɗan. Duk sa'ad da ya ƙara haidirojin, sai yawansu ya ragu. Ka ga ke nan su ne haidirojin ke kwashewa. Da a ce da tagwaye masu ɗauri ya ke haɗuwa, da ɗai-ɗai ɗin sun zauna yadda su ke. Gardamar shekara hamsin ta mutu.

Abin da ke biyo bayan rabuwar yana da sauri ƙwarai, har ba a iya ganinsa. Sai Ertl ya yi wata dabara, ya bi hanyar ta baya. Ya zuba amoniya bisa ƙarfen ya dubi yadda ta ke warwarewa, kamar mai son koyon saƙar tabarma da ya kwance tsohuwa kaba-kaba. Ta haka ya jera matakan duka. Haidirojin, shi ma biyu-biyu ya ke zuwa, amma rabuwarsa ba wuya. Ƙwayar azot ta kama haidirojin ɗaya, ta kama na biyu, ta kama na uku. Ta zama amoniya ke nan, sai ta saki ƙarfen ta tashi, ta bar wuri ma wata.

Cikin matakan nan duka, rabuwar tagwayen azot ce mai nawa. Ka tuna rijiya mai guga ɗaya. Ko mata ɗari suka zo da tuluna, ko da gudu su ke kai ruwa gida, yawan ruwan da zai shiga gari yana ga saurin gugan nan. Mai son ƙarin ruwa, guga zai gyara.

Nan ne aka gane abin da Mittasch ya dace da shi a 1910 bai san dalili ba. Ɗan fotasiyom da ke cikin garin, Ertl ya nuna yana taimaka ma ƙarfe ya riƙe tagwayen da kyau, su fi saurin rabuwa. Shi ke gyara gugan. Ɗan uwan alminiyom kuwa, an riga an san aikinsa, hana garin ƙarfe dunƙulewa cikin zafi. Suka kuma gano wani abin mamaki. In ka jera tubali ka dube shi ta gaba, ka dube shi ta kusurwa, jeren ba ɗaya ba ne. Haka ƙarfe: ya danganta ta inda aka yanka shi. Fuskar da ƙwayoyinta suka matsu sumul ba ta aiki sosai. Mai gaɓa-gaɓa da ƴan ramuka ita ce gwana. Wani masani a Kalifoniya ta Amurka, Gabor Somorjai, ya auna wannan cikin matsi mai yawa, ya tarar mai ramukan ta fi sumul ɗin aiki sau ɗaruruwa. Riƙe sunansa, za mu komo kansa.

Masu masana'antu da farko ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Suka ce me ya haɗa ɗan guntun ƙarfe cikin tukunya ba iska da tukunyarmu mai matsi ninki 200? A 1985 masana biyu na ƙasar Danmak, Per Stoltze da Jens Norskov, suka ɗauki alƙaluman da aka auna bisa guntun ƙarfen, suka yi lissafin amoniyar da ya kamata dillalin masana'anta ya fitar. Da aka gwada lissafin da abin da ke fita a zahiri, sai suka zo daidai.

Ƙarfe mai numfashi

A 1986 aka kira Ertl Barlin ya gaji malaminsa Gerischer, ya zama ɗaya daga shugabannin wata babbar cibiyar bincike. Cibiyar nan an kafa ta a 1911, shugabanta na farko Fritz Haber ne, sunansa ta ke ɗauke da shi tun 1953. Ka ga yadda abu ke zagayowa. Ertl ya riƙe aikin har ya yi ritaya a 2004.

Babban aikinsa na biyu ya shafi wata iska mai kisa. Ita ce ke tashi daga gawayin da bai ci sosai ba, ba ta da wari, ba ta da launi. Ita ke kashe mutanen da suka kwana da garwashi cikin ɗaki rufe lokacin ɗari, don Allah a kiyaye. Injin mota ma na fitar da ita. Shi ya sa tun shekarun 1970 aka fara sa wata ƴar tukunya cikin salansar mota, mai ɗauke da ɗan filatinom. Filatinom shi ne dillali a nan: yana haɗa iskar gubar da iskar da wuta ke ci, ta zama maras guba.

Da Ertl da mutanensa suka dubi wannan haɗi bisa filatinom tsantsa, tun su na Munik a 1982, sai suka ga aikin ba ya tafiya bai ɗaya. Ya yi sama, ya yi ƙasa, ya yi sama, kamar numfashi. Dalili, in iskar gubar ta cika fuskar, ƙwayoyin filatinom na sama su kan sake jeri. Sabon jerin ya fi kama ɗaya iskar, ita kuwa ta cinye gubar. Fuska ta yi fili, ƙwayoyi su koma jerinsu na da, a sake daga farko. A Barlin suka ƙera na'urar ɗaukar hoton abin yana gudana. Hotunan suka nuna zane na yawo bisa ƙarfen, wani kamar igiyar ruwa, wani a murɗe kamar ɗinkin faifai.

Kyaututtuka

Girma ya zo masa a hankali. A 1991 Jamus ta ba shi kyautar Leibniz, wadda ke cikin manyan kyaututtukan bincike na ƙasar. A 1992 ya karɓi kyautar Japan. A 1998 aka ba shi kyautar Wolf ta ƙasar Isra'ila, shi da Gabor Somorjai tare.

Wadda ta fi su duka suna ita ce Nobel. Wani attajirin Suwidin, Alfred Nobel, wanda ya yi arziki da nakiyar fasa duwatsu, shi ya bar wasiyya a riƙa ba da ita daga dukiyarsa, aka fara a 1901. Ran 9 ga Oktoba 2007 aka faɗi waɗanda suka ci ta fannin fizik, ɗayansu Bajamushe ne, Peter Grünberg. Wa zai zaci za a sake kiran Bajamushe kashegari? Ran 10 ga wata waya ta yi ƙara a ofishin Ertl a Barlin. Daga Stockholm ne, babban birnin Suwidin: an ba shi Nobel ta ilimin sinadarai, shi kaɗai, saboda bincikensa kan abin da ke faruwa bisa fuskar daskararrun abubuwa. Ranar kuwa ita ce ya cika shekara 71 cif. Turawa na da al'adar ba mutum kyauta ranar zagayowar haihuwarsa, ya ce ma ƴan jarida ba a taɓa ba shi wadda ta kai wannan ba. Ran 10 ga Disamba ya karɓi lambar daga hannun sarkin Suwidin, da kuɗi kurona miliyan 10 na ƙasar.

Ba kowa ya ji daɗi sarai ba. Masana da yawa sun ce ya kamata a haɗa da Somorjai, wanda ya gudo daga ƙasarsu Hangari a 1956 ya yi rayuwarsa kan wannan fage a Amurka. Dokar Nobel ta yarda a raba kyauta har mutum uku, wuri na nan. Ni ma a ganina an yi masa ƙwauro, tun da masu kyautar Wolf sun ga dacewar haɗa su. Amma ba wanda ya ce Ertl bai cancanta ba.

Yanzu wani zai tambaye ni: malam, to binciken nan ya rage kuɗin buhu? Gaskiya bai rage ba. Yawancin masana'antu har yanzu da baƙin ƙarfe irin na Mittasch su ke aiki. Abin da ke sa taki tsada shi ne wutar da a ke ƙonawa da iskar gas da a ke ciro haidirojin daga cikinta. Shi ya sa da gas ya yi tsada a 2021 da 2022, taki ya bi shi, manoma ko'ina suka ji a jikinsu. Abin da Ertl ya bari shi ne hanyar dubawa. Kafin shi, mai neman sabon dillali lalube ya ke yi cikin duhu. Bayansa, ya san wane mataki ne mai nawa, ya san wace fuska ce ke aiki, yana iya lissafi kafin ya gwada. Da hanyar nan a ke binciken tsatsa, da tace man fetur, da tsabtace hayaƙi. Kuma abin ba ƙarami ba ne: masana sun ƙiyasta kusan rabin mutanen duniya na cin abincin da aka noma da azot ɗin da ya bi ta kan fuskar ƙarfen nan.

Sauran abu guda. Na ce maka ƙananan halittun da ke cikin saiwar wake sun iya kwance tagwayen azot. Su ba su bukatar zafi 500, ba su bukatar matsi 200, cikin ƙasa mai sanyi su ke aikinsu. Da aka bincika dillalin da ke jikinsu, sai aka tarar shi ma akwai baƙin ƙarfe a tsakiyarsa. Masana a ƙasashe da yawa na nan na ƙoƙarin kwaikwayonsa, ba a kai ga gina masana'anta irin tasa ba tukuna. In damina ta zo, wake ya fara fure, tuge guda ɗaya a hankali ka kakkaɓe ƙasar. Za ka ga ƴan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to su na kan aiki. Ka zo da shi aji mu duba tare.